TAYAR JIRGI DA IGIYAR RAƘUMI: INA IYAKAR TAWAKKALI, INA FARKON SAKACI?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a daren Talata 28 ga Janairu 2025 wani jirgin kamfanin Max Air ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Legas ya gamu da matsala yayin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙafarsa ta gaba ta durƙushe, hancinsa ya dafa ƙasa. Fasinja 53 ne a ciki da ma'aikata 6, kuma dukkansu suka fito lafiya, alhamdu lillahi. Kafin gari ya waye bidiyo ya zagaye wayoyi, har ya iso mana nan Bagudo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bayan kwana biyu wata dattijuwa cikin iyayenmu ta same ni a ƙofar gida bayan La'asar. 'Ya'yanta sun yi karo-karo sun biya mata kuɗin ajiya na kujerar Hajjin shekarar. Ta ce da ni: "Malam, ni kam na hwasa tahiyag ga. Jikana ya gwada min jirgi ya gurhwana kamar raƙumi. In Allah bai nuhe ni da zuwa ba, shi ke nan." Na ce: "Inna, zauna mu yi magana." Abin da na faɗa mata, da abin da ban samu damar faɗa mata ba, shi na kawo muku a nan.

MUTANE SUN KASU UKU

Na bi abin da mutane suka riƙa rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, sai na ga sun kasu gida uku.

Na farko su ne masu cewa: "Ƙaddara ce, a bar maganar." A wurinsu duk wanda ya tambayi yadda aka yi ƙafar jirgi ta durƙushe, imaninsa ne ke da rauni.

Na biyu su ne alƙalan waya. Ba su taɓa leƙa ɗakin matuƙi ba, amma kafin fasinja su isa gidajensu sun riga sun yanke hukunci. Wannan ya zagi matuƙi, wancan ya ce maƙiya ne suka yi asiri, wani kuma ya ɗauko hoton wani hatsari na wata ƙasa ya liƙa ya ce Kano ce.

Na uku su ne irin Inna, bayin Allah da tsoro ya kama, har wani yana neman fasa ibadar da ya shekara ashirin yana roƙon Allah Ya nufe shi da ita.

Kowane kashi a cikinsu akwai abin da addini zai gyara masa. Amma mu fara sanin abin da muke magana a kai, don malamanmu sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai an suranta shi yadda yake.

ME MATUƘI KE YI IDAN ƘAFA TA ƘI FITA?

Jirgi idan ya tashi yana naɗe ƙafafunsa ya shigar da su cikinsa. Idan zai sauka sai a sako su da ƙarfin matsin mai, irin dabarar da ke ɗaga bayan tifa. A gaban matuƙi akwai fitilu da ke nuna kowace ƙafa ta fito ta kulle. Idan ɗaya ba ta kawo kore ba, ba a sauka da "wataƙila". Sai ya fasa saukar ya koma sama, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, shi da mataimakinsa su buɗe littafin matakan gaggawa, ɗaya na karantawa ɗaya na aikatawa. Akwai hanya ta biyu da ake sakin makullan ƙafar ta faɗo da nauyin kanta. Wani lokaci jirgin zai bi ta kusa da hasumiya a hankali domin na ƙasa su duba masa cikinsa da idonsu. Idan abin ya ƙi, sai ya yi ta kewaya a sama yana ƙone mai don nauyi ya ragu, haɗarin gobara ma ya ragu, motocin kashe gobara da na asibiti kuma su jeru a bakin titin sauka. Su kuma ma'aikatan cikin jirgi suna nuna wa fasinja yadda za su sunkuya su kare kawunansu, da ƙofar da kowa zai bi. Duk wannan sun sha maimaita shi a na'urar kwaikwayon tuƙi tun kafin ranar ta zo, don Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga misali. A ranar 1 ga Nuwamba 2011 jirgin kamfanin LOT na ƙasar Folan, ƙirar Boeing 767, ya taso daga Amurka da mutum 231. Da ya iso birnin Warso ƙafafunsa duka suka ƙi fita. Matuƙin, Tadeusz Wrona, ya kewaya sama fiye da awa ɗaya, jiragen yaƙi biyu suka taso suka duba suka tabbatar babu ƙafa ko ɗaya a waje, aka malala kumfar kashe gobara a kan titi, ya kwantar da jirgin a kan cikinsa. Aka kwashe mutane cikin kusan daƙiƙa 90, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ƙasar ta ɗauka da yabo, shugaban ƙasa ya ba shi lambar girma. To amma ku ji abin da ya fi burge ni: masu bincike ba su ce tunda kowa ya tsira a rufe littafi ba. Suka bi diddigi har suka gano wani ɗan makunnin lantarki a ɗakin matuƙi da ya yanke, wanda da an mayar da shi da ƙafafun sun fita ta hanya ta biyu, kuma littafin matakan bai ce a duba shi ba. Sai aka gyara littafin. An yaba wa wanda ya cancanci yabo, an kuma toshe ɓarakar. Ashe ana iya haɗa biyun.

SAFIYAR DA SAKKWATO BA ZA TA MANTA BA

Yanzu mu dawo gida. Ranar Alhamis 11 ga Yuli 1991, a ƙarshen watan Zulhajji na 1411, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, yana jigila da sunan Nigeria Airways. A lokacin mu ma 'yan jihar Sakkwato ne, don ba a yanke jihar Kebbi ba sai 27 ga Agusta na shekarar. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14. Babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi Hajjinsu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Ni ban yi wayo a lokacin ba, amma ku tambayi dattawanku, za su ba ku labarin yadda aka yi shirin tarbar alhazai ya koma zaman makoki.

Me binciken ya gano? Tayoyi biyu iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. An san haka kwanaki kafin ranar, kuma aka sauya alƙaluma a takarda don su nuna lafiya lau. An so a canja tayoyin, aka fasa saboda jigila ta makara. A safiyar ranar ma babban makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuwa bai yarda a jinkirta tashi ba. Matuƙi bai san da wannan duka ba.

Taya idan iskarta ta yi ƙasa, nauyinta kan 'yar'uwarta yake komawa. Jirgi na gudu a kan titi taya ta fashe, ta kusa da ita ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Jirgin ya ɗaga, aka naɗe ƙafafu kamar yadda aka saba, aka shigar da wutar cikin jirgi ba a sani ba, domin babu na'urar sanar da gobara a ramin da ƙafar ke shiga. Wuta ta ci bututun mai da wayoyi. Matuƙan suka juyo da jirgin suna ta fama har suka hango filin, amma ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka.

Ya ɗan'uwa mai cewa "ƙaddara ce, a bar maganar", tsaya mu fahimci juna. Na rantse da Allah ƙaddara ce. Babu wanda ya rasu a cikinsu sai da kwanansa ya ƙare, kuma wanda ya musa wannan ya taɓa rukuni daga rukunan imani. Amma wanda ya sauya alƙaluman iskar taya, kana jin zai tsaya gaban Allah ya ce ƙaddara ce a sallame shi? Malamai sun bambance mana: wanda musiba ta faɗa wa yana samun sanyi da ambaton ƙaddara, wanda ya yi laifi kuwa ba ya fakewa da ita. Uwar da ta rasa ɗanta ta ce Allah Ya ƙaddara, ta yi haƙuri, tana da lada. Wanda aka damƙa wa amana ya tozarta ta, tuba ke gabansa da biyan haƙƙi.

TAWAKKALIN ANNABI DA SAHABBAI

Imamu Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da taguwarsa, ko ya ɗaure ta ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Igiyar raƙumin jiya ita ce ma'aunin iskar taya a yau.

Ku dubi Hijira. Wanda Allah Ya yi wa alƙawarin kariya, shi ne ya tanadi abin hawa tun da wuri, ya ɗauki hayar masanin hanya Abdullahi bin Uraiƙiɗ, ya fara nufar kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. A yaƙin Uhudu sulke biyu ya sanya. Akwai mai tawakkalin da ya kai shi?

Ku dubi Sayyidina Umar (RA) a kan hanyarsa ta zuwa Sham, da labari ya iske shi a Sarga cewa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Sai ya nuna masa cewa inda suka baro da inda suka nufa duk cikin ƙaddarar Allah suke, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan ƙissa. Mu da muke zaune cikin makiyaya daga nan har Ka'oje, ai wannan misali ba ya buƙatar sharhi.

Saboda haka matuƙin da ya buɗe littafin matakai yana bi layi-layi zuciyarsa na wurin Allah, shi ne mai tawakkali. Hukumar NSIB da ke binciken haɗurra, da hukumar NCAA da ta dakatar da jigilar cikin gida ta kamfanin na wata uku a 2025 don a duba al'amuransa, aikin ɗaure raƙumi suka yi. Mu roƙa musu gaskiya da riƙon amana, mu kuma saurari sakamakonsu.

MU DA BA MU HAWA JIRGI

Wani zai ce: Malam, mu da ko filin jirgin Ambursa ba mu taɓa shiga ba, ina ruwanmu? Wallahi da mu ake. Kwanakin baya na shiga motar haya zan je Tsamiya. An yi mata lodi har bisa, tayar baya kuwa ta suɗe har zare ya fito. Na ce wa direba: "Ɗan'uwa, wannan tayar fa?" Ya yi dariya ya ce: "Haba Malam, kai da ke yi mana wa'azin tawakkali?" Na sauka na jira wata. Na san a ransa ya ce malamin nan matsoraci ne. To ni dai ban ga bambanci tsakanin maganarsa da ta jami'in da ya hana a jira iska a Jidda ba. Wancan yana gudun kada jigila ta makara, wannan yana gudun kada kasuwa ta watse. Sauri ya haifi nawa.

Haka abin yake a bakin Kwara. Jirgin ruwan da aka yi don mutum hamsin a zuba masa ɗari da babura da buhunan shinkafa, ba rigar kariya ko ɗaya, ga ruwa ya cika, a ce bismillah a tura. Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ranar 26 ga Mayu 2021 ba, inda jirgin ruwa maƙare da mutane ya nutse, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Haka 'yan kabu-kabunmu da ke bin hanyar Lolo da Illo zuwa cikin Benin, mutum uku da kaya a babur ɗaya, birki sai an haɗa da ƙafa.

Ku sani wannan magana ce ta shari'a. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta tabbatar cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma wanda ya jawo asarar rai ko dukiya ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka, lamuni yana kansa. Kisan kuskure kuwa hukuncinsa yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Direbobi nawa ne suka san haka? Masu motoci nawa ne suka san cewa idan direba ya ce a sayi taya suka ce ya lallaɓa zuwa wata mai zuwa, su ma sun sa hannu?

GA ALƘALAN WAYA

Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati aya ta 6 da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Imamu Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Yau "turawa" ita ce faɗin. Ka tura hoton da ba na wurin ba, wata uwa a Zagga da ɗanta ke hanya a daren ta gani, hawan jininta ya tashi, wa ya jawo? Ka zagi matuƙin da wataƙila shi Allah Ya yi sababin tsirar mutum 59 da shi, a ina za ka gan shi ka nemi afuwa? Hadisi ya nuna cewa wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba. Ma'aikaciyar da ta tsaya a bakin ƙofa tana fitar da mutane alhali ita ma rai gare ta, da ɗan kwana-kwanan da ya nufi jirgi lokacin da kowa ke gudunsa, addu'a suka cancanta daga gare mu.

Neman a yi bincike da faɗin gaskiya idan ta bayyana, wannan nasiha ce kuma haƙƙin al'umma ne. Yanke hukunci kafin bincike kuwa zato ne, kuma an gargaɗe mu a kan yawan zato.

GA MANIYYATA

Inna da sauran iyayenmu maniyyata, malamai sun sanya amincin hanya cikin sharuɗɗan samun ikon zuwa Hajji, amma abin da ake dubawa shi ne abin da ya fi rinjaye. Dubban alhazanmu ke tafiya kowace shekara su dawo lafiya. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu ba su dawo ba, duk da haka ba su fasa ba. Bidiyo ɗaya ba ya sauke farali. Hasali ma abin da Inna ta gani hujja ce a kan tsoronta: jirgi ya gurfana, mutane duka sun fito da ƙafafunsu.

Abin da ke kanku idan kun shiga jirgi kaɗan ne. Ku yi addu'ar tafiya da ta hawa abin hawa. Ku saurari bayanin da ake yi kafin tashi, wanda bai ji harshen ba ya tambayi jami'in alhazai ko na kusa da shi. Ku ɗaura bel. Ku gane ƙofar da ta fi kusa da ku. Idan Allah Ya kawo jarrabawa, ku ambaci Allah a zukatanku da harsunanku ba tare da kururuwar da za ta hana a ji umarnin ma'aikata ba. Idan aka ce a fita, a bar jaka. Ana ƙera jiragen nan ne a kan a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, kuma mai tsayawa ciro jakar tsaraba yana iya tare wa mutum goma hanya. Dabino da zamzam ba su kai ran Musulmi ba. Mai ciro waya yana ɗaukar bidiyo a wannan hali shi ma ya ji tsoron Allah.

Da na gama yi wa Inna bayani ta yi shiru, can ta ce: "To Malam, a sa mu cikin addu'a." Na ce in sha Allahu, ita ma idan ta tsaya a Arfa kada ta manta da mu.

Ya Allah, Kai ne ke riƙe da tsuntsu a sama da jirgi a kan ruwa, Ka tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa da na ruwa. Ka jiƙan alhazan 1991 da waɗanda ruwa ya ci da waɗanda suka rasu a hanyoyinmu. Ka ba matuƙa da makanikai da direbobi tsoronKa a cikin aikinsu. Ka kai maniyyatanmu lafiya, Ka dawo mana da su lafiya da Hajji karɓaɓɓe. Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa direba ɗaya ko mai jirgin ruwa ɗaya da ya sani. Kai kuma mai mota, gobe da safe kafin ka tayar da ita, zagaya ka dubi tayoyinka huɗu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.
Ɗan'uwanku a Musulunci, daga Bagudo, jihar Kebbi.